Yadda za a rage shara tun kafin ta shigo gida: jagora ga magidanta da masu sana'a a Kaduna

Duk wanda ya taɓa bin lungunan Tudun Wada ko Rigasa da sassafe, bayan an kwana ana ruwan Agusta, ya san abin da kwata ke amayarwa. Ledar fiya-wata, baƙar ledar cefane, robar lemo, famfas ɗin yara, tsinkakken silifas, duk a baje a ƙofar gidajen mutane. A unguwannin gaɓar kogi irin su Kigo Road da Rafin Guza da Nasarawa, toshewar magudanai na ƙara wa ambaliya ƙarfi. Sai a fito ana ta faɗa da masu kwasar shara. In sun yi jinkiri suna da nasu laifin, amma kowace leda a cikin kwatar nan hannun wani ne ya karɓo ta a shago, kuma kuɗinta na cikin kuɗin kayan da ya biya. Sharar gida a kasuwa ake sayo ta. Shi ya sa wannan jagora ta fi ba da ƙarfi ga abin da ke shigowa gida, sannan abin da ke fita.

Mataki na farko: a duba sharar mako guda

Kafin a canza komai, a nemi tsofaffin buhuna huɗu ko bokitai. Ɗaya na ragowar abinci da ɓawo, ɗaya na leda da roba, ɗaya na gwangwani da ƙarfe da kwalba da kwali, na huɗu kuma na abin da ba shi da wata mafita, kamar famfas da audugar mata. Na abincin a riƙa juye shi kullum saboda wari da ƙuda, amma a rubuta yawansa kafin a juye. Ranar bakwai maigida da uwargida su tsaya tare su duba.

Da muka yi haka a gidanmu na haya, abu biyu ne suka ba ni mamaki. Buhun da ya fi nauyi rabinsa ƙasa ce da toka daga sharar tsakar gida, wadda ake biyan yaro mai baro ya kai bola alhali ƙasa ce kawai. Wanda ya fi cika kuma ledar ruwa ce. Lissafin ba wuya: jakar fiya-wata ɗaya leda 20 ce. Gidan da ke shan jaka biyu a yini yana fitar da leda 40, a wata 1,200, a shekara 14,600. Gida ɗaya ke nan a layi ɗaya.

Mataki na biyu: a tare leda a bakin ƙofa

A ajiye jakar cefane inda hannu zai kai gare ta lokacin fita: bakko a rataye bayan ƙofa, ɗaya a ƙarƙashin kujerar mashin, ɗaya a but ɗin mota. Mai shago ya saba, kafin ka gama magana ya zura sabulu ɗaya a leda, ashana a wata. Tun yana miƙa hannu za a ce, "Malam, bar ledar, ga jakata." Ba mai shagon da zai ji haushi, don shi ma sayen ledar yake yi. Yaron da aka aika sayen ƙosai ko waina a ba shi kwano mai murfi, mai sayo koko a ba shi jug, mai zuwa niƙa bokitinsa daman yana hannu. Abinci mai zafi da mai a cikin leda ba abin so ba ne ko don lafiya. Alala ma da gwangwani iyayenmu ke yin ta, a wanke a ajiye, gwangwani ɗaya ya shekara yana aiki.

Sai ƙananan ƙulle-ƙulle: omo na ɗan sacet, madara ta ɗan sacet, man gyaɗa a ƙulli, tumatirin leda. Na san dalilin sayensu, kuɗin yini ne ke hannu, kuma ba zan ce wa mai neman na yau ya sayi katan ba. Amma hanya tana nan. Gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi kamar adashi, mutum ɗaya ya shiga Kasuwar Gumi ko Bakin Dogo ko kasuwar Talata ta Kawo ya yi sari, a dawo a raba da mudu da kwalba. Kowa ya zo da mazubinsa. Sauƙin farashin sari shi zai riƙe mutane a tsarin, raguwar ledar kuma ta biyo baya.

Batun ruwan sha yana son natsuwa, domin mutane ba don gayu suka koma fiya-wata ba, tsoron taifot da kwalara ne. Kada a daina sayen ta sai an tanadi madadin da aka amince da shi. Ruwan famfo ko na burtsatse a tace shi da tsaftataccen ƙyalle, a tafasa har ya yi minti ɗaya yana zaɓalɓala, a bar shi ya huce a rufe. Ko kuma a sa maganin tsaftace ruwa na kulorin bisa ma'aunin da ke jikin kwalbarsa, a jira rabin sa'a. A zuba a randa mai murfi da moɗa ɗaya wadda ba a sha da ita, ko bokiti mai famfo a ƙasa don kada hannu ya shiga. Randa a inuwa tana sanyaya ruwa ko da wuta ko babu. Mai hali ya sayi babbar gorar ruwa da ake mayarwa a canzo. 'Yan makaranta kowa da gorarsa. In an rage fiya-wata ta koma ta baƙi da tafiya kawai, an yi babban aiki.

Mataki na uku: tukunya

Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya yana salwanta ko a zubar. A gidajenmu yawanci ta hanya uku yake tafiya: a dafa fiye da kima, a sayo ɗanyen kaya da yawa ya ruɓe, ko ƙwari su cinye hatsi.

Na farko maganinsa awo. A tsayar da gwangwani ɗaya na awon shinkafa, a san nawa ke isar gidan, a ƙara kaɗan don baƙo. A zuba wa yara kaɗan, in sun cinye a ƙara. Tuwon da ya kwana ɗumame ne, kuma wanda ya tashi da ɗumamen tuwo da miyar kuka ya san ba abincin rashi ba ne. Ƙanzo a shanya shi, a tara, a jiƙa a yi kwaɗo. Abin da za a bayar sadaka a bayar tun yana da kyau, da daren ko da sassafe. Ba wa almajiri abin da ya fara tsami ba sadaka ba ce, cutarwa ce, kuma ƙarshenta a bakin kwata zai juye shi.

Tumatir da tattasai da attaruhu sukan yi araha lokacin da kayan lambun rani suka cika kasuwa, wajen Janairu zuwa Maris, su yi tsada da damina. Lokacin arahar iska a bushe take, rana kuma tana nan. A yanka tumatir biyu ko huɗu, a barbaɗa gishiri kaɗan, a shanya a kan tabarma ko faranti a bisa wani abu, ba a ƙasa ba, a rufe da gidan sauro tsoho mai tsabta don ƙuda da ƙura. In ya bushe ƙayau an sami kauɗa. Ko a markaɗa, a dafa har ruwan ya ƙone, a zuba da zafinsa a kwalaben da aka tafasa, a rufe, a sake tafasa su a cikin ruwa. Kwalbar da murfinta ya kumbura ko ta yi wari a zubar, kada a ɗanɗana. Albasa kuma iska take so, ba a kulle ta a leda.

Wake shi ne ya fi ba mutane ciwon kai, har wasu kan zuba masa maganin ƙwari mai guba. Ba a bukatar haka. A shanya waken ya bushe sosai, a cika jarka mai tsabta har baki, a jijjiga a ƙara, a sa leda a bakin a ɗaure murfin tam. Ƙwarin da ke ciki iska za ta ƙare musu su mutu. Sharaɗin kawai kada a riƙa buɗewa, don haka na ci yau da gobe a ware shi daban. Mai buhu guda ya nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana a jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Aikinsu ɗaya da jarkar.

Mataki na huɗu: ɓawo ya koma taki ko abincin dabba

In akwai akuya ko kaji a gida ko a maƙwabta, rabin aikin ya ƙare. Ɓawon doya da dankali da ayaba da kankana, dussa, ƙaiƙayin wake, duk abincinsu ne. Ɓawon rogo kaɗai sai an shanya ya bushe sosai, ɗanyensa na da guba. A tabbata babu leda a ciki. Mahauta a Zango za su gaya maka irin dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin shanu da tumaki. Dabbar tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen magani.

Abin da ya rage a yi taki. Ana iya yi a rami, ko tsohon duro da aka huda gefensa da ƙasansa, ko buhu ma in wuri ya yi ƙaranci. A fara shimfiɗa busasshen abu kamar tafin hannu: ganyen da aka share, ɓawon gyaɗa, yagaggen kwali, garin katako daga wurin kafintoci. A zuba ɗanyen ɓawo da ragowar ganye a kai. In da kashin kaji ko na awaki a barbaɗa, shi ke sa abin ya yi zafi ya ruɓe da wuri. Toka kaɗan, ba da yawa ba. Sai a rufe da busasshen abu kuma. Kullum aka zuba ɗanye a rufe shi, wannan ne sirrin hana ƙuda. Busasshen ya ninka ɗanyen kamar sau biyu.

Kada a sa nama, ƙashi, miya mai mai, kashin kare ko na kyanwa, ko famfas. Ɓeraye za su zo. A juya da shebur ko sanda duk mako ko mako biyu. Damshinsa ya zama kamar tsumman da aka matse: in ya bushe a yayyafa ruwan wanke shinkafa, in yana wari ya jiƙe da yawa, a ƙara busasshen ganye a juya. Da damina a rufe shi da tsohon kwano. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. A cika buhuna a shuka alayyafo da kuɓewa da attaruhu a gefen katanga. Wanda ba ya shuka ya ba masu lambu a bakin kogin Kaduna ko masu sayar da fulawa a bakin titi.

Mataki na biyar: gyara kafin saye

A nan mutanen Kaduna ba su da uzuri, domin muna da Panteka. Shekaru da dama ke nan maƙera da masu walda da kafintoci a can suna mayar da abin da aka yar ya zama tukunya, murhu, akwati, injin niƙa, ƙofa. Fankar da ta ƙone a sake naɗa mata waya. Kujerar da ta karye a yi mata walda. Bokitin roba da ya tsage akwai masu liƙi. Takalmi shumeka na zagayawa har ƙofar gida. Ƙa'idar da nake bi ita ce, ba na sayen sabo sai mai gyara ya duba tsohon ya ce ya mutu. Lokacin saye kuma tambaya ɗaya nake yi: in ya lalace ana samun kayan gyaransa a garin nan? Tocila mai arha da za ta mutu cikin wata biyu ta fi mai tsada cin kuɗi.

Tufafi su gangara daga yaya zuwa ƙane ba tare da jin kunya ba. Kasuwar Barci ta tufatar da rabin garin nan da gwanjo, ba wanda ya ragu da komai. Zanin da ya koɗe ya zama na goyo, daga nan tsumman goge-goge.

Akwai abin da ba a sake amfani da shi ko kusa. Jarka ko robar maganin feshi ba ta zama mazubin ruwa, mai ko nono, ko an wanke ta sau goma. A huda ta don kada wani ya tsinta. Masu zoɓo da kunun aya su tara robobi daga gidajen da suka sani, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, kada a sayi na bola.

Mataki na shida: 'yan bola-jari

Yanzu buhu na uku da robar da ke buhu na biyu sun zama kuɗi. Gwangwanin lemo na alminiyom, ƙarfe, tagulla, kwali, robar ruwa, fasasshen bokiti da kujerar roba, duk a kilo ake saye. Narkar da tsohon alminiyom yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na wutar da ake bukata a yi sabo, shi ya sa kullum yana da kasuwa. A ware kowanne daban, a bushe, a taka robobi da gwangwanaye su lotse don su rage cin wuri. Kayan da aka ware sun fi haɗaɗɗu daraja.

Ana kuka da wasu masu wannan sana'a kan ɗauke-ɗauke, kuma kukan na da tushe. Maganin shi ne layi ya san mutum ɗaya, a san sunansa da ubangidansa da inda yake kai kaya, a sa masa rana. A tuna kuma da hannu yake tona shara. Fasasshiyar kwalba da reza a naɗe su a kwali, allura a jefa a roba mai murfi.

Kada a ƙona leda da roba da taya. Hayaƙin na da guba, masu asma da jarirai ne ke fara shan wahala, kuma hura gawayi da leda shaƙar gubar ce a kan abinci. Batirin mota da wasu na sola dalma ce a ciki. Gubar dalma daga haƙar zinare ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. A mayar da tsohon batir ga mai sayar da sabo, sukan rage kuɗi a kai, kada a fasa shi a tsakar gida.

Ga masu sana'a

Mai shago ya daina miƙa leda sai an tambaya. Sabon kaya ya shiga baya, tsoho ya dawo gaba, a riƙa duba ranar lalacewa duk Juma'a, wanda ya kusa a karya farashinsa. A buɗe shafi a littafin shago a riƙa rubuta duk abin da aka zubar da kuɗinsa. Bayan wata ɗaya za a ga kayan da ya kamata a rage sarowa.

Mai abinci ita ce ta fi kowa iya kawo canji. Jihar Legas ta haramta farar robar zuba abinci mai kama da soso tun Janairun 2024, Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017. Gara a saba tun doka ba ta iso ba. Hajiya, ki ce duk wanda ya zo da kularsa za a ƙara masa cokali ɗaya ko a cire masa kuɗin roba. Masu shaguna da ke kusa a kai musu a kwanon silba a dawo a karɓa, yadda ake yi a da. Tsarin kwalbar lemo da kires da muka sani, a ajiye kuɗi a dawo da kwalba a karɓa, yana aiki ga mai kunu da mai fura.

Tela ya tara ƙyallaye a buhu, masu cusa matashi da masu ɗinka hulunan yara da jakunkuna na so. Bakanike ya tara baƙin mai a duro ya sayar, kada ya tuttular a kwata, ƙarshensa kogi ne. Ofis da makaranta a buga takarda gaba da baya.

Biki da taro

Sharar yini ɗaya na biki takan fi ta wata guda a gida. Uwar biki ta ƙidaya mutanen da take sa rai da gaske kafin a ɗora tukunya. A yi hayar faranti da cokula tare da kujeru da rumfa, a ɗauki mata biyu masu wanke-wanke. A ajiye manyan kuloli na ruwa da zoɓo da kofuna. A sa yara biyu da buhu, ɗaya na gwangwani ɗaya na roba. Tun kafin ranar a san gidan marayu ko makarantar allon da za a kai ragowar abinci da yamma. Kayan rabo kuma, in dole ne, a ba da abin da zai yi aiki: sabulu, mudun gishiri, jakar cefane. Ƙananan robobin da ke fashewa cikin mako ba su da amfani. Haka buɗa-baki a masallatai da azumi, da tarukan coci lokacin Kirsimeti: kwamiti ya sayi faranti da kofuna sau ɗaya, su zama kayan wurin.

Mataki na ƙarshe: layinku

Kada a fara da unguwa gaba ɗaya. Gida goma sun isa. Mutum biyu ko uku da suka riga suka gwada a gidajensu su je wa mai unguwa: "Ranka ya daɗe, mun zo neman izini da albarka, muna so mu gyara layinmu kafin ruwa ya sauka." A roƙi liman ya taɓo batun bayan sallah, ayar da ta hana almubazzaranci a ci da sha tana Suratul A'araf, aya ta 31. Inda ake zaune tare da Kirista a sanar da fasto. Mata su ne riƙe da girki da cefane, don haka a kai maganar islamiyya da wurin adashi, in ba haka ba taron maza ne kawai za a yi a watse.

A tsayar da abu uku a rubuce: wurin tara kayan sayarwa da wanda zai riƙe kuɗin, ranar yasar kwata, da mai kwashe buhu na huɗu. Kuɗin gwangwani da roba su sayi shebur da manjagara da safar hannu, a riƙa karanta lissafin a bainar jama'a, don rashin bayanin kuɗi ne ke kashe irin wannan haɗin kai. A tuntuɓi hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, a ji mai kwasar da ke kula da yankin da inda aka yarda a zubar.

Yasar kwata a yi ta cikin Afrilu, a maimaita a Yuli kafin ruwan Agusta. A fara daga inda ruwa ke fita a hauro sama. Abin da aka yaso kada a tara shi a bakin kwatar, ruwan farko zai mayar da shi ciki. A yi maganar mota ko baro tun kafin a sa shebur, a kwashe a ranar. Bayan wata uku kowane gida ya sake fito da buhunansa huɗu ya yi awon mako guda, a kwatanta da na farko, buhun da bai ragu ba shi za a sa gaba a zama na gaba.